Ku Tambayi Mama: Gidan Ɗan Mishan a Ƙasar Baƙunci

Salama gare ku, masu karatu. Tun da na ambata a fitowar da ta wuce cewa ni da maigidana mun yi aikin bishara a ƙasar Chadi daga 1991 zuwa 2009, wasiƙu suka yi ta shigowa a kan wannan magana ɗaya. Na zaɓi huɗu. Na cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Shekararmu bakwai da aure, 'ya'yanmu biyu. Maigidana ya gama makarantar Littafi bara, yanzu ya ce Ubangiji ya kira shi aikin bishara a wata ƙasa, har ya cika takarda. Ni malamar firamare ce. Ban ji wani kira ba, tsoro kaɗai nake ji. Da na faɗa masa, sai ya ce in yi hankali kada Shaiɗan ya yi aiki da ni. Matan zumunta kuma sai barka suke yi mini. Zunubi nake yi?
Wata malama daga Zonkwa

AMSA: 'Yata, ba zunubi kike yi ba. Kin faɗa wa mijinki gaskiyar abin da ke ranki, abin da ni na kasa yi ke nan a lokacina.

Ranar da Baba, wato maigidana, ya zo mini da wannan magana a 1990, "to" kawai na ce, don haka aka tarbiyyantar da mu. Shekara na zagayowa sai ga ni a wani ƙauye kusa da Mongo, a yankin Gera, tsakiyar duwatsu, da yaro ɗan shekara biyar da goyo a baya. Baba ya samu watanni yana koyon Larabcin Chadi kafin mu isa. Ni ba wanda ya tuna cewa ina da bakin magana. Da gari ya waye zai hau keke ya shiga ƙauyuka, ni kuwa in zauna a tsakar gida da yara da randa. Wata takwas na yi ban yi hirar da ta wuce gaisuwa da wata mace ba. In na je rijiya sai in tsaya gefe ina kallon bakunansu. Da dare ya dawo da labari cike da baki, ni ba ni da ko ɗaya da zan ba shi. Na fara jin haushinsa, na fara jin haushin aikin, kuma ban gaya wa kowa ba, domin a duk wasiƙar da ke zuwa daga gida ana kirana jaruma.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta fitar da ni. Kullum da yamma takan shigo da ƙwaryar geronta ta zauna, ta ɗaga abu ta faɗi sunansa, in maimaita, ta gyara mini. A bakin turmi na koyi harshen. Sai da bakina ya buɗe na gane cewa rabin garin nan ba inda Baba zai gan su, balle ya yi musu magana. Ɗakin haihuwa, zaman makoki na mata, bakin rijiya, duk ƙofofi ne da ni kaɗai suke buɗe wa. A nan na ji nawa kiran, shekara biyu bayan na riga na je. Allah ya yi mini alheri. Amma ba zan ce miki ki rufe ido ki tafi don wataƙila ke ma haka za ta kasance miki ba, domin na san waɗanda ba ta kasance musu haka ba.

Ana yawan ba da labarin William Carey a taron mishan, mutumin Ingila da ya tafi Indiya a 1793. Ba a cika ambaton matarsa Dorothy ba. Da farko ta ƙi tafiya, tana da juna biyu. Aka yi ta lallashi har ta yarda, da sharaɗin 'yar'uwarta za ta raka ta. A 1794 ɗansu Peter ya rasu yana da shekara biyar, hankalinta ya gushe, bai kuma dawo ba har ta rasu a 1807. Aikin Carey babba ne, ban musa ba. Amma duk lokacin da na ji ana yabonsa sai matar nan ta faɗo mini a rai.

Manzo Bulus ya ce sauran manzanni, har da Bitrus, da matansu suke tafiya (1 Korintiyawa 9:5). Akila da Bilkisu kuma ba inda aka ambaci ɗaya aka bar ɗaya, tare suka zaunar da Afolos suka ƙara fahimtar da shi. Tafiya tare ake nufi, ba a ɗauki mace kamar ƙunshin kaya ba.

Ga abin da zan so ki nema. Ƙungiyar da za ta aike ku ta zauna da ke ke kaɗai, ba a gaban mijinki ba. Ku je ku ga wurin tukuna, ko na mako biyu ne, kuma in ƙasar Sahel ce ku je da bazara, cikin Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba da sanyin Disamba ba. Gani ya kori ji. Ki tambayi inda asibiti yake, da yadda hanyar ke zama da damina. A sa sunanki a cikin masu koyon harshe, da kuɗinsa a rubuce. Aikinki kuma kada ki ajiye shi farat ɗaya, ki fara neman hutun da ba albashi.

Malam, na san za ta nuna maka wannan shafi. Kalmar nan ta Shaiɗan da ka jefa mata, ka janye ta, ka roƙi gafararta. In kiran na Allah ne, jinkirin shekara ɗaya ba zai kashe shi ba. Ɗan mishan Rowland Bingham ya zo Najeriya a 1893 da abokansa biyu, Walter Gowans da Thomas Kent, dukansu biyu suka rasu a 1894, shi ya koma. Ya sake zuwa a 1900, ciwo ya mayar da shi. Sai a yunƙuri na uku aka kafa tasha a Patigi a 1902. Kai ma za ka iya jiran matarka.

TAMBAYA: Mama, shekara uku muna aiki a wani ƙauye a Jamhuriyar Nijar. Babban ɗanmu ya cika shekara shida. Makarantar ƙauyen da Faransanci ake koyarwa, malami ɗaya ne ga aji uku. An samo mana gurbi a makarantar kwana a Najeriya. Uwarsa kuka take yi. Wani dattijo ya ce mana ai Hannatu ma ta miƙa Sama'ila. Mu tura shi?
Wani mai bishara daga Nijar

AMSA: Ɗana, a wannan shekarun kada ku tura shi. Na faɗa kai tsaye don ni na tura nawa.

Babban ɗanmu yana da shekara bakwai muka kai shi makarantar kwana a Najeriya, a 1993. Daga inda muke sai ka kai Njamena, wajen kilomita 500, ka ƙetare zuwa Kuseri a Kamaru, ka bi Fotokol, ka shigo Gamboru Ngala, ka kai Maiduguri, sannan ka kama hanyar Filato. Sau ɗaya muke ganinsa a shekara. Bai taɓa yin ƙorafi ba, sakamakonsa kullum mai kyau, muka yi ta godiya ga Allah. Sai da ya yi aure ya haifi nasa ɗan, ranar da yaron ya cika shekara bakwai, ya zaunar da ni ya gaya mini cewa ya yi shekaru yana zaton wani laifi ya yi aka kai shi can, tunda ƙanwarsa tana gida. Ya ce in ana addu'a domin aikin Babansa ba ya iya cewa amin. Ya ce ya daina kuka ne ba don ya saba ba, sai don ya ga ba mai zuwa. Na roƙi gafararsa, Baba ma ya roƙa. Ya yafe mana, yana cikin ikkilisiya har yau. Amma shekarun nan ba su dawo ba.

Ba mu muka fara wannan tsari ba. Turawan mishan sun buɗe Hillcrest a Jos a 1942, aka buɗe Kent Academy a Miango a tsakiyar shekarun 1940, don iyaye su samu zama a ƙauyukan da ba makaranta. Niyyar mai kyau ce, makarantun sun fitar da mutane masu amfani, kuma akwai waɗanda ke tuna zamansu da daɗi. Amma daga cikin 'ya'yan Turawan da aka raba da iyayensu tun suna shekara shida, a ƙasashe da dama, da yawa sun girma sun faɗi irin abin da ɗana ya faɗa mini. A garin Mamou na ƙasar Gini kuwa, binciken da ikkilisiyar da ke da makarantar kwana ta 'ya'yan 'yan mishan a can ta sa aka yi a shekarun 1990 ya tabbatar da cewa an ci zarafin yara shekara da shekaru. Abin da ya rufe bakin irin waɗannan yara shi ne koya musu da aka yi cewa ƙorafinsu zai hana aikin Allah. Mu da muka gaji aikin, tun daga ƙungiyar aika masu bishara ta EMS da ta fara a 1948 zuwa irinta CAPRO da ta fara a Zariya a 1975 da sauran ƙungiyoyi, ya kamata mu gaji darasin ma.

Maganar Hannatu kuma, a gaya wa Baba dattijo cikin ladabi cewa wa'adi ne da ita da bakinta ta yi wa Ubangiji, ba kwamiti ne ya yanka mata ba. Matarka ba ta yi wannan wa'adi ba.

Ƙanwar ɗan namu kuwa mun riƙe ta a gida har shekara goma sha biyu. Da safe ta je makarantar ƙauye ta yi Faransanci, da yamma in zaunar da ita a tabarma mu yi Turanci da lissafi da littattafan firamare da muke sayowa in mun zo hutu. Da ta dawo Najeriya ta maimaita aji ɗaya, Turancinta ya ba ta wuya kafin WAEC. Yau da Faransancin nan da Larabcin take cin abinci. Shekara ɗaya da ta rasa ba ta kai abin da yayanta ya rasa ba. Ku kuma a Nijar kuna da sauƙin da ba mu samu ba, tunda yaron zai yi wasa da Hausa a ƙofar gida.

In lokacin ya yi, wajen shiga sakandare, ku zaɓi makarantar da ke kusa da wani ɗan'uwa na jini wanda zai riƙa zuwa ganinsa da ƙafarsa. A sa ranar waya, kada ta motsa ko da taro ake yi. Kuma ka gaya masa da bakinka, fiye da sau ɗaya, cewa in wani ya taɓa shi ko ya tsorata shi ya faɗa, za ka bar komai ka zo.

TAMBAYA: Mama, ni kaɗai ne namiji a ɗakinmu. Ina aiki a Gambiya. Mahaifiyata ta kusa shekara 80, ciwon sukari ya taɓa idonta. Ƙannena mata suna gidajen aurensu, suna cewa na gudu na bar musu. Kuɗin da ake aiko mini tun faɗuwar naira bai isar mu ba balle in tura gida. In na dawo, ban zama wanda ya sa hannu a garma ya waiwaya ba?
Wani fasto daga Banjul

AMSA: Ɗana, Ubangijin da ya yi maganar garma shi ne kuma ya tsawata wa Farisiyawa a Markus 7 saboda suna barin mutum ya ce abin da zai taimaki iyayensa da shi ya zama keɓaɓɓe ga Allah. Yana kan gicciye ma bai bar uwarsa haka ba, sai da ya danƙa ta a hannun Yohanna. Ka lura, bai sauko ba, amma ya ambaci sunan wanda zai riƙe ta. To kai wa ka ambata?

Surukata ta rasu da daminar 2001, saƙon bai iso mu ba sai bayan mako uku. Abin da ya fi cin Baba ba rashin zuwa jana'iza ba ne, a'a, bai taɓa zama da 'yan'uwansa sun tsara wa zai yi mene ba. Kowa ya ɗauka wani na yi.

Ka nemi hutu ka zo. Ku zauna da ƙannenka da mazajensu da dattijo ɗaya na ikkilisiya, a san gidan da za ta zauna, wa zai kai ta asibiti, nawa ne maganin wata. Ka saurari fushinsu, suna da gaskiya a ciki. Sannan ka kai lissafin nan gaban ikkilisiyar da ta aike ka. Dalar da take ƙasa da naira 500 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, duk ikkilisiyar da ke aika wa ɗan mishan adadin da take aikawa kafin nan ta rage masa abinci, ko ta sani ko ba ta sani ba. Wanda ya aiki ɗa ya ɗauki nauyin uwarsa. In duk an yi wannan aka ga ba mai riƙe ta sai kai, ka dawo da kanka a ɗage. Bulus ya mayar da Abafaroditus gida Filibi, ya kuma umarci ikkilisiya ta karɓe shi da murna da girmamawa.

TAMBAYA: Mama, ban taɓa gaya wa kowa wannan ba. Shekarata shida a filin aikin bishara, mutum uku ne suka karɓi bishara, ɗaya ya koma. Na fi wata biyar ban yi addu'a ta gaskiya ba. Ina jagorantar sujada a gida don yara, amma bakina ne kawai ke motsi. Rahoton da nake turawa gida ina ƙawata shi don kada a yanke tallafi. Matata ba ta sani ba. Anya ina da bangaskiya kuwa?
Ba suna, ba gari

AMSA: Ɗana, na karanta wasiƙarka sau uku. Mutumin da bangaskiyarsa ta mutu ba ya tashi ya rubuta irin wannan.

A watan Agustan 1997 zazzaɓin cizon sauro ya kama 'yarmu ta uku, tana da shekara biyu. Ruwa ya yanke hanya, motar da muka samu ta maƙale a laka, a hannuna ta cika kafin mu kai Mongo. Maƙwabtanmu Musulmi ne suka haƙa kabarin. Matansu suka zauna da ni kwana uku, suna kawo tuwon gero da shayi, tsohuwar nan da ta koya mini harshe ba ta bar gefena ba. Bayan an watse sai addu'a ta ɗauke mini ɗif. Ina durƙusawa, ba abin da ke fitowa. Baba kuwa ya ƙara yawan fita wa'azi, na ɗauka shi ƙarfi gare shi, ni ce mai rauni. Wajen wata bakwai muna haka, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa. Wani dare na farka na same shi zaune a waje a kan turmi. Na tambaye shi ko addu'a yake yi. Ya ce rabonsa da addu'a tun ranar. Muka zauna a wurin muka yi kukan da ba mu yi tare ba tun farko.

Saboda haka abu na farko, ka gaya wa matarka. Labarin zuciya a tambayi fuska, ina tabbatar maka ta riga ta ga wani abu, wataƙila ma tana zaton ita ce ta yi maka laifi.

Abin da ya riƙe mu a watannin nan ba wani babban abu ba ne. Kullum da asuba muna rera waƙa ɗaya da yarinyar da ke gabanmu, mu karanta Zabura ɗaya, ko zuciya ta bi ko ba ta bi ba. Na daɗe a kan Zabura 88, wadda ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba ta juya zuwa yabo ba ko a aya ta ƙarshe. Na ce in Allah ya yarda wannan ta zauna a cikin Littafinsa, to akwai wurin zama domina ni ma. Don haka sujadar nan da kake yi wa yara kada ka kira ta munafunci, kada kuma ka daina. Shekaru bayan haka na je maƙabartar 'yan mishan a Miango, na ga ƙananan kaburbura na yara a jere. Na tsaya ina tunanin iyayensu mata, da irin wasiƙun da suka riƙa rubutawa gida.

Ka duba jikinka ma. Da Iliya ya kwanta a ƙarƙashin itace ya roƙi mutuwa, mala'ika bai yi masa wa'azi ba. Abinci ya ba shi da ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sake tashinsa ya ci. Yaushe rabonka da hutu na wata guda? Ka je a auna jininka, zazzaɓin da ya daɗe a jiki da taifot suna kashe wa mutum zuciya. In barci ya ƙaurace maka, abinci ba ya shiga, ko tunanin mutuwa na zuwa maka, ka gaya wa likita a fili. Ciwon damuwa ciwo ne, yana da magani, kuma yana kama masu bi.

Mutum uku a shekara shida kuma ba abin kunya ba ne. Ɗan mishan Adoniram Judson ya isa ƙasar Bama (Myanmar ta yau) a 1813, bai yi wa mutum na farko baftisma ba sai 1819. Carey da na ambata ɗazu sai a ƙarshen 1800 ya ga na farko, bayan shekara bakwai.

Rahoton ne kaɗai zan ce ka tuba a kansa, don ina zaton yana cikin abin da ya toshe maka baki a gaban Allah. Da wuya mutum ya rubuta abin da ba haka ba da rana, ya durƙusa da dare ya buɗe zuciya. Na san tsoron yanke tallafi, mun taɓa yin wata huɗu ba a aiko mana da ko sisi ba, da kuɗin ƙosan da nake toyawa muka ci. Duk da haka na gaba ka rubuta shi yadda yake: mutum uku, ɗaya ya koma, ni kuma na gaji. Dattawan ikkilisiya da ke karanta wannan shafi, ku ma da laifinku. In kullum adadi kuke tambaya, adadi za a kawo muku. Ku riƙa tambayar lafiyar matar, da ajin da yaran suke, da ranar da suka ci nama.

Ka samu mutum ɗaya da ya girme ka a aikin, wanda ba shi ke sa hannu a takardar kuɗinka ba, ka karanta masa wasiƙar nan da ka aiko mini. In ba ka da kowa, edita yana da lambar gidanmu, na kuma gaya wa Baba. Ya ce ka kira bayan ƙarfe takwas na dare, lokacin ya dawo daga gona ya ci abinci.